Ma'aikacin Hukuma Da Na Kamfani: Wa Ya Fi Riƙon Aikinsa?

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, watau kudu maso yammacin Jihar Katsina inda muka yi iyaka da Zamfara da Birnin Gwari, akwai wata tambaya wadda shugabannin makarantu da akawunan ƙananan hukumomi su kan yi mana kusan duk inda muka sauka rangadi. Su kan ce, ina dalilin da malamin da hukuma ta ɗauka, ta ba shi takardar aiki na dindindin, ta yi masa alkawarin fansho, ya ke nauyin ƙafa wajen zuwa aji a gari kamar Mabai, alhali kuwa ƙanensa da ke koyarwa a makarantar kuɗi a Funtuwa ko Malumfashi, wanda albashinsa bai kama ƙafar na wansa ba, tun ba a kaɗa ƙararrawa ba yana bakin ƙofa? Mafi yawan masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a zukatansu, cewa ma'aikacin kamfani ya fi na hukuma son aikinsa. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, kuma za mu bayyana dalilanmu, domin maganar ta shafi dubban yara waɗanda ba su da wata makaranta sai ta hukuma.

Da farko ya kamata a raba abu biyu da a kan cakuɗa. Akwai jin daɗin aiki, watau mutum ya tashi da safe ransa yana so ya tafi, ya komo da yamma yana ganin ya yi abin kirki. Akwai kuma riƙon wurin aiki, watau ya ɗauki ma'aikatar tamkar gidansu, abin da ya same ta ya same shi, ba ya neman hanyar fita. Su biyun su kan tafi tare, amma ba kullum ba. Wasu masana biyu na ƙasar Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun rubuta a shekarar 1991 cewa shi kansa riƙon wurin aiki iri uku ne. In za mu raɗa musu suna da Hausa sai mu ce zaman so, da zaman dole, da zaman halacci. Mai zaman so yana nan domin yana ƙaunar wurin. Mai zaman dole ya yi lissafi ya ga in ya fita zai yi asarar shekarun da ya tara da fanshon da ya ke jira, ga shi kuwa babu wata ƙofa a buɗe. Mai zaman halacci kunya ce ta riƙe shi. Ko dai hukuma ta ciyad da shi a kwaleji, ko hedimasta ya tsaya masa ranar da iyalinsa ta yi doguwar naƙuda, saboda haka ba ya iya juya baya. A cikin littafin sa hannu na safe dukansu ukun ɗaya ne, kowa ya rubuta sunansa da lokacin isowarsa. Ba a rarrabe su sai wahala ta zo, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ƙasar nan tamu kuwa miya ta ƙare ba sau ɗaya ba, saboda haka muna da abin dubawa.

Zamanin En'e

Aikin albashin wata bai daɗe ƙwarai a ƙasar Hausa ba. A nan Katsina aka fara kafa Baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sa'ad da Palmer ya ke Razdan, daga nan hakimi da alƙali da malamin haraji suka soma karɓar kuɗi ƙayyadaddu ƙarshen wata. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horon malamai, ita ce ta fid da Ahmadu Bello wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya koyar a ta Bauci, da Abubakar Imam wanda ya koyar a ta Katsina.

A ƙarƙashin waɗannan akwai malaman elementare na En'e, waɗanda a kan tura garuruwan hakimai da na dagatai. Albashinsu bai kai na takwarorinsu ma'aikatan Gwamnati ba, kuma sun san haka, sun yi ta kuka a kai. Amma tsofaffin malaman da muka tarar a aiki sun sha gaya mana abin da ya tsai da su a ƙauye shekara da shekaru. Malami ya kan sauka a hannun dagaci, a ba shi ɗaki, a nuna masa gona. Shi ke karanta wa gari takarda, shi ke rubuta amsa, in baƙo ya zo daga Katsina shi a ke nema. Abu mafi girma kuma shi ne ya san wanda ya ke yi wa aiki. En'e tana da fuska. In ya yi ƙwazo hakimi zai ji, Wakilin Makaranta zai ji, watakila har Sarki ya ji sunansa. In albashi ya makara ya san ƙofar da zai buga.

Kada a ɗauka muna kukan zamanin da ya wuce. Wannan fuska da En'e ke da ita ita ce kuma aibinta, domin wanda ke iya ɗaukaka mutum da kalma ɗaya yana iya kā da shi da kalma ɗaya, kuma sau da yawa ɗan gidan sarauta ko bafade ya kan sha gaban mai ƙwazo. Wannan na cikin abin da ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e a Majalisar Wakilai ta Arewa a watan Agusta 1950. Malam Aminu Kano kuwa, wanda ya tsaya wajen kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya ajiye aikinsa na Kwalejin Horon Malamai ta Maru a 1950 ya shiga siyasa. Ba wanda ya taɓa cewa Malam Aminu ba ya son koyarwa, har ya bar duniya a 1983 malami a ke ce masa. Sana'ar ya ke so, tsarin da ya ke yi wa aiki ne bai yarda da shi ba. Ga misali tun daga gida na mutumin da ke jin daɗin aikin kansa amma ya ƙi riƙon wurin aikin.

Ta wajen kamfani, Funtuwa ce ƙofarmu. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta nan ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kamfanin auduga na B.C.G.A. ya kafa injin gurza, aka yi gonar irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari, kantunan Turawa suka jeru kusa da tasha. Akawun kanti ya kan fi malamin En'e kuɗin kashewa lokacin kaka, amma ma'auni da littafin lissafi ne alƙalansa. In auduga ta yi ƙaranci ko kuɗi suka ɓace ko da sule ɗaya ne, manaja ba ya tambayar ɗan wane ne, sai ya sallame shi. Kowa ya san sharaɗin tun ranar shiga.

Amma kafin kamfani akwai namu tsarin na gargajiya, wanda har yanzu shi ya fi ɗaukar mutane a kasuwannin hatsi na Ɗandume da Sheme da Ƙanƙara, watau zaman yaro da ubangida. Babu takarda, babu albashi ƙayyadadde. Ubangida ya ciyar, ya tufatar, in lokaci ya yi ya yi wa yaro aure, daga bisani ya ba shi jari ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Da irin waɗannan yara Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tattara gyaɗar da ya ke sayar wa kamfanin U.A.C. Yaro ya kan kwana a kan buhunan maigidansa a tashar mota ba domin an biya shi kuɗin kwana ba. Ya ga inda zaman zai kai shi, kuma ya ga waɗanda suka riga shi an sallame su da mutunci. A ganinmu Bahaushe ya saba ba da amanarsa ga mutum mai suna wanda ke cika alkawari, ko hakimi ne ko attajiri. Wahalar ofis na zamani ita ce yana neman a ba shi irin wannan amana alhali shi ba shi da fuska.

Yadda Ubangida Ya Ɓace

Shekarun 1975 da 1976 su ne suka sāke kome. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji har da ariyas na wata tara, ma'aikata suka sayi babura da rediyo, kaya suka yi tsada nan da nan. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kori ma'aikata fiye da 10,000. Da yawansu sun cancanci kora, amma wasu a rediyo suka ji sunansu ba tare da an saurare su ba. Tun daga ranar ma'aikacin hukuma ya gane cewa dindindin ɗin nan da a ke faɗi yana iya ƙarewa da labaran ƙarfe bakwai, sai kowa ya soma tanadin wata sana'a a gefe. A 1976 aka sāke tsarin ƙananan hukumomi, abin da ya rage na En'e ya tafi, a watan Satumba kuma aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta, watau U.P.E. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka horad da malamai cikin gaggawa, da kuɗin mai suka ja baya a farkon shekarun 1980 sai malaman firamare a jihohi da yawa suka yi watanni ba albashi.

Daga nan aka shiga jifa da malami daga hannu zuwa hannu. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta ta mayar wa ƙananan hukumomi, a 1993 ta sāke kafa ta. A 1999 aka ƙaddamad da U.B.E. a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. Aka wayi gari hukumar ilmi ta jiha ce ke ɗauka da ƙarin girma, sakataren ilmi na ƙaramar hukuma ke turawa ƙauye, kuɗin albashin kuwa daga kason ƙaramar hukuma a ke cirewa. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, Ƙungiyar Malamai ta N.U.T. kuwa ta daɗe tana roƙon kada a bar albashin malaman firamare a hannunsu, saboda abin da aka gani a baya. To, a tambayi malamin aji uku a Mabai wane ne ubangidansa. Zai lissafa ofis uku ko huɗu, kuma babu ɗaya da zai ce ya san fuskarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta bukatar dogon bayani. A 1981 mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, lokacin kuwa kusan Dala 200 ke nan. An kai shi Naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Wannan na ƙarshe bai kai Dala 50 ba ranar da aka sa hannu, kuma a ƙarshen shekarar bai isa sayen buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, malamin da ke zuwa aiki a kan babur ya soma lissafin kwana nawa a mako tankinsa zai iya ɗauka.

Za a ce to magani ya bayyana, a ƙara albashi. Lalle a ƙara, hakkinsu ne, kuma wanda ke jin yunwa ba ya koyar da ɗan wani da zuciya ɗaya. Amma kada a yi tsammanin ƙarin shi kaɗai zai cika azuzuwa. A 1959 wani masani Ba'amurke, Frederick Herzberg, ya fid da sakamakon tambayoyin da shi da abokan aikinsa suka yi wa injiniyoyi da akantoci wajen 200 a birnin Pittsburgh. An ce kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi jin haushinsa. Sai aka ga abubuwan da ke kawo haushi dabam ne da masu kawo daɗi. Dokokin ofis marasa kan gado, da mugun shugaba, da munin wurin aiki, da albashi, su aka fi ambata wajen haushi. Wajen daɗi kuwa sai aka ji ana ambaton gama wani aiki mai wuya, da yabon da aka samu a kansa, da amanar da aka danƙa wa mutum, da ci gaba. Ma'anarsa ita ce in ka gyara na farkon ka cire ƙaya ne daga ƙafa, amma cire ƙaya ba ya sa mutum gudu. Masana sun yi ta gardama a kan wannan ra'ayi, mu ma muna ganin a ƙasar da albashi ba ya kai ƙarshen wata kuɗi sun fi nauyin da ya ba su.

Duk da haka akwai gwajin da ya goyi bayansa. A 2005 ƙasar Indonesiya ta yi doka ta ninka albashin malaman da suka sami takardar ƙwarewa. Masu bincike suka bi makarantu 360, a wasu aka gaggauta ninkin, a wasu aka bar shi ya zo a kan lokacinsa. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna malaman da aka ninka wa sun fi gamsuwa da abin da su ke samu, kukan rashin kuɗi ya ragu, masu neman aiki na biyu sun ragu. Amma bayan shekara biyu zuwa uku, da aka jarraba yaransu, ba su fi na sauran makarantun kome ba. Jin daɗi ya ƙaru, karatu ya tsaya inda ya ke.

Wani binciken kuma, wanda aka buga a 2006, ya fi kusa da aikinmu. Masu binciken sun riƙa faɗa wa makarantun firamare ba sanarwa a ƙasashe shida, watau Bangaladash, Ekwado, Indiya, Indonesiya, Peru da Uganda. A jimlace kusan malami 19 cikin 100 ba sa nan, a Indiya 25, a Uganda 27. Abin mamaki, manyan malamai da shugabannin makarantu, waɗanda suka fi albashi, su suka fi rashin zuwa. Inda gini ke da kyau fashi ya ragu. A Indiya an ga ya ragu a makarantun da ke kusa da hanyar kwalta da waɗanda mai duba makarantu ya ziyarta ba da daɗewa ba, a wasu ƙasashen kuma malami ɗan yankin ya fi baƙo zuwa. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai ba tsohon hedimasta na ƙasar Faskari mamaki.

Malamin Makarantar Kuɗi

Yanzu mu komo ga ƙanen nan na Funtuwa da ke bakin ƙofa tun da sassafe. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar fansho ta 2014 kuwa ta wajabta tanadi ne a kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Ƙananan makarantun unguwa da yawa ba su kai ko ɗaya ba. Malaminsu ba shi da fansho, a wurare da dama ba shi da albashin hutu, kuma in iyaye suka makara da kuɗin makaranta shi ma ya makara. Yana zuwa da wuri domin mai makaranta yana tsaye da agogo, kuma akwai masu takardar N.C.E. goma da ke jiran kujerarsa. Yana da abu guda wanda wansa ba shi da shi, watau ana ganin aikinsa kowace rana. In yaransa suka iya karatu uwa za ta faɗa, mai makaranta zai ji a ranar. Wannan yana da daɗi, ba mu raina shi ba. Amma zuwa da wuri shaidar tsaro ne, ba lalle ya zama shaidar riƙon wuri ba.

In ana so a san inda zuciyar ma'aikaci ta ke, a dubi inda ƙafarsa ke nufa ranar da aka buɗe ƙofa. Da Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin N-Power a 2016, da alawus na Naira 30,000 a wata, kuma aikin ba na dindindin ba, mun ga malaman makarantun kuɗi suna tururuwa su cika takarda. Da Jihar Katsina ta ɗauki malamai fiye da 7,000 a 2023 bayan jarrabawa, haka aka sāke gani. Ba mu cika ganin mai takardar hukuma ya ajiye ta ya koma makarantar unguwa ba. Wanda ke fita daga hukuma shi ne gwanin lissafi ko na Turanci da banki ko kamfanin waya ko ƙungiyar agaji ta kira, kuma irinsa ne makarantar ƙauye ta fi bukata. Su ma manyan kamfanoni ba su da tabbas. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekaru suna bin hakkinsu, babbar masaƙar U.N.T.L. ta bi sahu a 2007, manoman audugarmu kuma suka ji a jikinsu.

Saboda haka abin da mu ke gani shi ne, ma'aikacin kamfani ƙarami yana aiki sosai amma jakarsa a ɗaure ta ke, na hukuma kuwa ba ya tafiya ko'ina amma sau da yawa zamansa na dole ne. Wannan zaman dole shi ne ciwon. Mai shi ba ya ajiye aiki balle a ɗauki wani, ba ya kuma ba da ƙarfinsa. Sunansa na cikin takardar albashi, ofis na lissafa makarantar tana da malami shida, yara kuwa biyu su ke gani.

A wannan yanki an ɗora wa malami wani nauyi wanda Herzberg bai taɓa lissafawa ba. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora yara zuwa daji, ranar 17 ga wata aka sako 344. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamnatin Jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, ta taƙaita sayad da mai da hawan babur. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai a Disamba aka fara maidowa. A watannin nan malami na ƙauye ba ya iya sanin ko albashi ya shiga sai ya yi tafiya zuwa inda waya ke kamawa, ba ya iya gaya wa iyalinsa ya isa lafiya. Da yawa suka kwashe iyali suka kai Funtuwa ko Malumfashi, suka koma zuwa aiki daga nesa. Ma'aikacin albashi kuwa kowa ya san ranar da ya ke da kuɗi, har waɗanda ba a so su sani.

Ba za mu kira wanda ya tsere da ransa malalaci ba. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne waɗanda suka tsaya, domin a kusan kowace makaranta da ba ta rufe ba akwai mutum ɗaya ko biyu da suka riƙe ta. Galibinsu 'yan garin ne, ko waɗanda suka yi aure a nan, ko masu sa kai da iyayen yara ke haɗa wa ɗan abin sabulu. Wasunsu ba su da babbar takarda. In aka tambaye su ba sa ambaton hukuma, sai su ce yaran 'ya'yan 'yan'uwansu ne, ko su ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Zaman halacci ke nan, sai dai halaccin ga gari su ke yi wa, ofis yana cin amfaninsa ne a banza.

Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, Gwamnatin Tarayya ta yi shelar tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus na zaman ƙauye, da gidaje masu sauƙin kuɗi a karkara. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun aiki, watau malami ya kai shekara 65 da haihuwa ko 40 yana aiki. Ga mai zaman so wannan alheri ne. Ga mai zaman dole kuwa an ƙara masa shekara biyar na jira, an ƙara wa yaransa shekara biyar na allo ba rubutu. Alkawarin da aka yi shela ba a cika ba ya fi wanda ba a yi ba ɓarna, domin malami ya riga ya gaya wa matarsa.

Akwai dai abubuwan da ke hannunmu, ba sai an jira Abuja ba. Mu masu duba makarantu, in mun isa gari, kada aikinmu ya tsaya ga ƙidaya wanda ba ya nan. Mu zauna a bayan aji mu ji darasi har ƙarshe, mu duba littattafan yara, in mun ga aiki mai kyau mu rubuta sunan mai shi a rahoto, mu faɗa a gaban dagaci da iyaye. Malamin da ya shekara uku ba wanda ya leƙa ajinsa ya riga ya fahimci cewa ƙwazonsa da lalacin maƙwabcinsa farashinsu ɗaya a wurin hukuma.

Ku kuma akawuna, 'yan'uwanmu na ofis, watakila ba ku san girman matsayinku ba. Malamin Mabai ba zai taɓa ganin shugaban hukumar ilmi ba. Ku ne hukuma a idonsa. In ya biya kuɗin mota ya taso tun asuba don takardar ƙarin girma, aka ce fayil ɗinsa bai fito ba ya komo mako mai zuwa, ya yi asarar kwana guda na aji, da kuɗin cefanen kwana uku, da wani abu na uku wanda ba ya dawowa da sauƙi. In kuwa takardar ta fito amma kuɗinta ba su bi ta ba sai bayan shekara biyu, to, an koya masa cewa takardar hukuma ba magana ba ce. Mun san ku ma haka a ke yi muku, kuma da yawanku zaman dolen ku ke yi. Amma akawun da ya ɗauki waya ya gaya wa malami kada ya taso yau, sai ranar Laraba, ya yi wa makarantar ƙauye aikin da ya fi fentin bango.

Sai batun turawa ƙauye, wanda a nan ne aka fi cin amana. Kowa ya san wanda ke da ɗan'uwa a sama ba ya wuce wata shida a daji, maras kowa kuwa a manta da shi shekara goma. Abin da mu ke ba da shawara shi ne a ƙayyade wa'adi, misali shekara uku, wanda in baƙon malami ya cika shi a gari mai nisa yana da hakkin zaɓen inda za a mai da shi, kuma shekarun nan su yi masa nauyi wajen ƙarin girma. A rubuta sunayen a babbar takarda, da ranar da kowa ya tafi da ranar da wa'adinsa zai cika, a manna a bangon ofishin ilmi na Ƙanƙara da na Faskari da na Sabuwa inda kowa zai karanta. Gurbin da ya rage kuma a fara neman 'yan garin da suka gama Kwalejin Isa Kaita ta Dutsinma ko Kwalejin Tarayya ta Katsina, maza da mata, da masu sa kan da suka riƙe azuzuwa a 2021, a ba su jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takarda a makarantar da ya riga ya ke koyarwa.